Sunan Shafi a Intanet: Tarihinsa da Amanar da Ke Cikinsa

 

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata magana ce da aka kawo gaban dattijon da muke yi wa hidimar rubutu. Wata ƙungiyar taimakon juna ta unguwarmu ta yi shekara huɗu tana da shafi a intanet. An buga adireshinsa a kan takardun wasiƙa da rasit da allon ƙofar ofis, kuma ta nan 'yan'uwanmu mazauna ƙetare suke ganin abin da aka yi da gudummawarsu. Wata safiya aka buɗe adireshin, sai ga tallar caca cikin harshen da babu mai jinsa a cikinmu. Aka nemi yaron da ya yi rajistar, ashe ya tafi neman aiki wata ƙasa, layin wayarsa ya mutu, imel ɗin da ya yi rajistar da shi kuwa shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa. Dattawa suka tambaya: wa ya sace mana suna, kuma gaban wane alƙali za a kai ƙara? Amsar da masana suka bayar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Babu wanda ya yi sata. Wa'adin haya ne ya cika, ba a biya ba, wani ya zo ya kama.

Wannan ya sa muka bi diddigin al'amarin tun daga asalinsa, domin wanda ya san yadda aka kafa abu ya fi sanin yadda ake riƙe shi.

Kowace kwamfuta da ke magana da 'yar'uwarta a intanet lamba gare ta, irin su 192.0.2.1. Na'ura da lamba take aiki, ɗan Adam kuwa suna yake iya riƙewa. Saboda haka aka yi wa lambobin nan sunaye, aka kuma tanadi kundi mai cewa suna kaza na lamba kaza ne. Masu sana'ar suna kiran wannan suna domen, mu a nan za mu ce masa sunan shafi. Tarihinsa kaf tarihin wannan kundi ne: wa ke riƙe da shi, wa ke da ikon rubutu a ciki, da abin da ke samun wanda sunansa ya fita daga ciki.

Abin ya faro a Amurka. A 1969 ma'aikatar tsaron ƙasar ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike, aka kira haɗin ARPANET. Ƙarshen wannan shekara wurare huɗu ne kawai a kansa, uku a jihar Kalifoniya, ɗaya a Utah. Da adadin ya ƙaru, sai aka riƙa tara sunayen kwamfutocin da lambobinsu a takarda guda mai suna HOSTS.TXT, wadda ake ajiyewa a cibiyar binciken Stanford. Wata mata ce, Elizabeth Feinler, ta shugabanci ofishin daga 1972 zuwa 1989. Duk mai son a sa kwamfutarsa cikin jerin sai ya aika saƙo ko ya buga wa ofishin waya a lokacin aiki, a rubuta shi, sa'an nan kowa ya kwafi sabuwar takardar ya ajiye. Mu da muka san aikin magatakarda mun san inda irin wannan tsari yake ƙarewa. Idan gari ya bunƙasa, littafi ɗaya a hannun ofishi ɗaya ba ya ɗauka. Kafin sabon kwafi ya iso wurin wani, jerin ya riga ya canja, ga kuma mutum biyu suna son suna ɗaya.

A watan Nuwamba na 1983 wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Paul Mockapetris, ya fito da mafita. Ya ce a raba kundin hawa-hawa, kowane hawa da mai kula da shi. Idan kana son fahimtar sunan shafi, karanta shi daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke karatun allo. Ɗauki misali.org.gh. Haruffan gh suna nufin Gana, org yana nufin ƙungiya, sa'an nan sunan mai shafin. Idan ka rubuta wannan a wayarka, tambaya tana zuwa tushe, tushe ya nuna mai riƙe da kundin Gana, shi kuma ya nuna inda za a sami lambar shafin. Kamar baƙo ne ya sauka a gari, aka kai shi wurin sarkin zango, sarki ya haɗa shi da mai unguwa, mai unguwa ya nuna masa ƙofar gidan da yake nema. Babu wanda ya san gidajen garin duka, amma kowa ya san wanda za a tambaya a gaba. Duk wannan yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, kuma har yau a kan wannan tsari duniya take tafiya.

A farkon 1985 aka buɗe wutsiyoyin suna na farko: com don kasuwanci, org don ƙungiyoyi, net don masu haɗa layuka, edu don makarantu, gov don gwamnatin Amurka, mil don sojojinta. Ranar 15 ga Maris 1985 wani kamfanin ƙera kwamfuta a jihar Massachusetts ya yi rajistar symbolics.com, shi ne na farko a com. A wannan shekarar duka suna shida kacal aka yi wa rajista a com, kuma kyauta ake bayarwa. Yau sunayen da ke com kaɗai sun haura miliyan 150.

Banda waɗannan, an ware wa kowace ƙasa haruffa biyu, bisa wani jeri na ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 3166. Wanda ya riƙe ragamar rabon nan shekara da shekaru shi ne Jon Postel, abokin aikin Mockapetris. Sau da yawa yakan miƙa wutsiyar ƙasa ga wani malamin jami'a ko injiniya da ya nema kuma ya nuna zai iya. A Maris 1994 ya rubuta ƙa'idar da yake bi, inda ya bayyana cewa mai riƙe da sunan ƙasa amintacce ne da aka ɗora wa hidimar jama'a, don haka maganar da ta dace da shi ita ce ta nauyi da hidima, maganar mallaka ba ta taso ba. Mun tsaya a kan wannan magana, domin ita ce abin da muke kira amana, kuma ita ce ta kuɓuce wa ƙungiyar da muka ambata a farko.

Afirka ta shigo a hankali. Afirka ta Kudu da Masar sun karɓi nasu a 1990. Gana da Najeriya da Kamaru sun sami gh da ng da cm a 1995. Nijar da Togo da Jamhuriyar Benin sun sami ne da tg da bj a 1996, Cadi da Sudan kuma td da sd a 1997. A Gana, Dakta Nii Quaynor ne da kamfaninsa Network Computer Systems suka ɗauki nauyin gh, kuma su ne suka sa ƙasar cikin na farko a Afirka ta Yamma da suka sami cikakkiyar intanet a 1995. An ba shi lambar yabo mai sunan Postel a 2007, a 2008 kuma dokar ƙasa ta tanadi hukumar rajistar sunayen gh. A Najeriya an kafa ƙungiyar NiRA a 2005 don kula da ng. Nahiyar baki ɗaya ta sami wutsiyarta, africa, a 2017, da goyon bayan Tarayyar Afirka.

Mu koma baya kaɗan mu ga yadda kuɗi ya shigo. Bayan Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1991, sai 'yan kasuwa suka fara farga cewa suna yana da daraja. Wasu sun makara. A 1994 wani ɗan jarida, Joshua Quittner, ya ga kamfanin McDonald's bai yi rajistar sunansa ba, sai ya yi rajistar mcdonalds.com da kansa ya ba da labari a mujallar Wired. Bai sake shi ba sai da kamfanin ya ba wata makarantar gwamnati a birnin New York gudummawar dala 3,500 don kayan kwamfuta. A Satumba 1995 kyauta ta ƙare, kamfanin Network Solutions mai riƙe da kundin ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu. Tun daga nan suna ya zama abin haya mai wa'adi, kamar akwatin gidan waya da iyayenmu suke biya duk shekara, wanda idan ka daina biya a canja makulli a ba wani. Masu wayo suka riƙa kame sunaye suna jiran mai saye. An sayar da business.com dala miliyan 7.5 a 1999, voice.com kuma dala miliyan 30 a 2019.

Da rigingimu suka yawaita, aka kafa hukumar ICANN a Kalifoniya a 1998, a shekarar da Postel ya rasu cikin watan Oktoba. Ita ke kula da tushen kundin har yau, kuma ta taɓa yin babban taronta a Ankara, babban birnin Gana, a Maris 2002. A 1999 ta fito da hanyar sasanta rigimar suna. Ga amsar tambayar dattawanmu game da alƙali: akwai inda ake kai ƙara, mafi shahara ita ce hukumar WIPO da ke Janeba. Amma mai ƙara sai ya tabbatar da abu uku: cewa sunan ya yi daidai ko ya yi kama da alamar kasuwancin da yake da haƙƙi a kanta, cewa wanda ya kama sunan ba shi da wani halattaccen dalili, da kuma cewa da mugun nufi ya kama shi yake amfani da shi. Kuɗin shigar da ƙarar yana farawa daga dala 1,500. Ƙungiyar unguwa da ba ta da alamar kasuwanci, wadda kuma da kanta ta bar wa'adi ya wuce, da wuya ta ci wannan shari'a. Dala 15 da ba a biya a kan kari ba ita ta jawo asarar da dala 1,500 ba lalle ta gyara ba.

Kada wani ya zaci talaka kaɗai ke mantuwa. A Disamba 1999 kamfanin Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, sunan da masu imel na Hotmail ke bi su shiga akwatunansu, sai jama'a da yawa suka kasa shiga. Wani masanin kwamfuta, Michael Chaney, shi ya gano dalili, ya biya dala 35 daga aljihunsa, al'amura suka daidaita. Kundin bai san babba ba, bai san ƙarami ba, ranar wa'adi kawai ya sani.

Haka nan harafi ɗaya yana iya kai wasiƙa gidan da ba a nufa ba. A Yuli 2023 jaridar Financial Times ta ba da rahoton cewa shekara kusan goma miliyoyin wasiƙun da aka nufi sojojin Amurka da su suna ta faɗawa ml, wutsiyar ƙasar Mali, saboda masu aikawa sun tsallake harafin i a cikin mil. Kamaru ma ta sha fama da irin wannan, domin cm harafi ɗaya ne ya raba ta da com, har masu neman banza suka riƙa kama sanannun sunaye a cm suna tarbar masu kuskuren rubutu. Wasu ƙasashe kuwa haruffansu arziki suka zame musu. Tuvalu, 'yar ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, ta ba da hayar tv ga masu harkar talabijin, kuɗin ya taimaka mata ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000. Tsibirin Anguilla ya sami kimanin dala miliyan 32 a 2023 daga ai, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna rububin haruffan. Kuma wutsiyar ƙasa tana bin ƙaddarar ƙasar. Da Zayar ta canja suna a 1997, zr ta ba cd wuri. Da Yugoslabiya ta wargaje, aka rufe yu a 2010, masu shafuka a kanta dole suka yi ƙaura.

Yanzu ga inda tarihin ya taɓa harshenmu. Waɗanda suka kafa tsarin da Ingilishi suke aiki, don haka abin da suka yarda a sa cikin suna shi ne haruffa 26 daga a zuwa z, da lambobi daga 0 zuwa 9, da karan ɗori, kuma kada kalma ta wuce harafi 63. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu alamar da muke sawa a 'ya'ya da 'yan'uwa. A 2003 aka yi ƙa'idar da ta buɗe ƙofa ga wasu rubuce-rubuce, a Mayu 2010 kuma Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka zama na farko da suka sami wutsiyar ƙasa da haruffan Larabci. Duk da haka kowane wurin rajista yana da jerin haruffan da yake karɓa, kuma mafi yawan mutanenmu ba su da haruffa masu ƙugiya a wayoyinsu. Saboda haka mai zaɓen suna da Hausa sai ya cire ƙugiyoyin ya sake karantawa. Mai gidan baƙi zai ga sunansa ya koma gidanbaki. Ƙasarmu za ta koma kasarmu, ƙoƙo ya koma koko, ƙafa ta koma kafa. Wani lokaci babu laifi, wani lokaci kuwa abin dariya ne ko abin kunya. Ga kuma bambancin rubutu da iyakokin Turawa suka bar mana. Abin da muke rubutawa zango, a allunan Gana zongo ne. Hausa a ƙasashen da Faransa ta raina Haoussa ce, Garwa kuma Garoua. Tun da suna a intanet ba ya yafe kuskuren harafi ko ɗaya, dole mai zaɓe ya tambayi kansa da wane rubutu mutanen da yake nema suka saba.

Daga wannan tarihi, ga abin da muke ganin ya kamata duk ƙungiya ko makaranta ko ɗan kasuwa ya duba kafin ya kama suna.

Na farko, sunan ya zama gajere, mai sauƙin faɗa. Hausawa sun ce suna linzami ne, a nan kuwa har hanya ce. Gwajin da muka fi yarda da shi shi ne ka faɗa wa mutum sunan ta waya sau ɗaya, ka ce ya rubuta ya aiko maka. Idan mutum uku sun rubuta iri uku, nemi wani. A guji karan ɗori da lambobi, domin mai ji ba ya sanin ko 2 za a rubuta ko biyu. A kuma guji raɓar sunan wani sanannen kamfani, don mai alamar yana da hanyar ƙwacewa.

Na biyu, a zaɓi wutsiya bisa inda jama'arka suke. Mai hulɗa da mutanen ƙasa ɗaya, wutsiyar ƙasar tana nuna cewa shi na gida ne, ga shi kuma sau da yawa za ka sami dillalin rajista a kusa wanda za ka biya da kuɗin gida. Wanda jama'arsa suka warwatsu daga Kumasi zuwa Kano, daga Yamai zuwa Landan, com ko org za su fi masa. Tun daga zagayen 2012, lokacin da ICANN ta karɓi buƙatu 1,930 na sababbin wutsiyoyi, zaɓi ya yi yawa, wasu kuma ana rangwanta su a shekarar farko a tsawwala a ta biyu. Don haka a tambayi kuɗin sabuntawa kafin a yi murna da kuɗin shiga. Sunan com yawanci tsakanin dala 10 ne zuwa 20 a shekara. Wanda aka ce kyauta ne a yi hattara da shi, domin wanda ya ba ka yau yana iya karɓewa gobe.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, a duba sunan wa aka rubuta a kundin. Mai gina shafi daban, mai masaukin da ke ajiye shafin a kwamfutarsa daban, mai sunan kuma daban. Kana iya sauya magini, kana iya sauya masauki, jama'a ba za su ma sani ba, matuƙar sunan yana hannunka. Saboda haka a yi rajista da sunan ƙungiyar, da imel na ƙungiyar wanda aƙalla amintattu biyu suka san kalmar sirrinsa. Yaron da ya iya kwamfuta ya yi aikinsa a biya shi ko a sa masa albarka, amma a zauna tare da shi a ga abin da ya cike. Ba zargi ba ne. Matasanmu matafiya ne kamar kakanninsu, yau suna nan gobe suna wata ƙasa.

Na huɗu, a rubuta ranar wa'adi a littafin ƙungiya, a riƙa karanta ta a taron shekara tare da lissafin kuɗi. Ana iya biyan har shekara 10 a lokaci ɗaya a com da org, mai hali ya yi hakan. Idan wa'adi ya wuce, akwai 'yan makonni na sassauci gwargwadon dillali, sa'an nan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sa'an nan kwana 5 a saki sunan ga duk wanda ya riga kamawa. Akwai masu na'urorin da ba su da aiki sai jiran wannan lokaci.

Wani zai ce, ai muna da shafi a Facebook, me za mu yi da wannan wahala? Shafin yana da amfani, mu ma ta irinsa muke zantawa da ku. Sai dai rumfa ce a kasuwar wani, mai kasuwa yana iya sauya doka ko ya rufe rumfar. Sunan da ka yi wa rajista kuwa, duk inda ka koma kana iya juya shi ya nuna sabon wurinka.

Ƙungiyar da muka fara da labarinta ta haƙura da tsohon sunanta. An kama sabo, an sake buga takardu, an goge allon ƙofa, an kuma aika wa 'yan'uwa na ƙetare gargaɗi kada su aika kome ta tsohon adireshi. Takardar rajistar tana cikin akwatin da ake ajiye takardun fili, ranar wa'adinta kuma mun rubuta ta da hannunmu a shafin farko na littafin taro. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi da makarantu da ke karanta wannan, kowa ya tambayi mai kula da shafinsa cikin makon nan: da sunan wa aka yi rajistar, kuma yaushe wa'adinta zai cika?

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya bar zumunci.